Baƙin haure a finafinai: inda kyamara ke farawa da inda take tsayawa

A watan Satumban 2023 aka fara nuna fim ɗin Io Capitano a bikin finafinai na birnin Venice, inda Matteo Garrone ɗan Italiya ya karɓi kyautar gwarzon darakta. Labarin wasu samari biyu ne 'yan Senegal, Seydou da Moussa, da suka bar Dakar suka bi ta Mali da Agadas da Libiya da nufin shiga Turai. A cikinsa akwai wurin da wani fasinja ya faɗo daga bayan mota a tsakiyar Sahara, sauran suka yi ta ihu, direba bai ko taka birki ba. A ƙarshen Nuwamban wannan shekara kuma gwamnatin sojan Nijar ta Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙi daga Agadas zuwa arewa, ta kuma wanke waɗanda aka taɓa ɗaurewa a kanta.

Duk wanda ya kalli fim ɗin, sannan ya ji labarin soke dokar, yana da hujjar ruɗewa. Direban nan azzalumi ne, ko mai neman halalinsa? Matafiyan kuma, talauci ne ya koro su ko buri? Finafinan da aka yi a kan wannan tafiya sun amsa wani ɓangare na tambayoyin da kyau ƙwarai. Sauran ɓangaren kuwa, wanda ya shafi dokoki da yarjejeniyoyi da kuɗin da ke yawo tsakanin gwamnatoci, kusan kullum ba ya shiga hoton.

Su wane ne baƙin haure

Baƙon haure shi ne wanda ya shiga wata ƙasa ko yake zaune a cikinta ba tare da izinin da dokarta ta tanada ba. Wani ta ɓarauniyar hanya ya shiga. Wani kuma da biza ya sauka a filin jirgi, wa'adinta ya ƙare, bai koma gida ba. Wannan rukuni na biyu yana da yawa sosai a Turai da Saudiyya, amma ba kasafai ake yin fim a kansa ba, don babu rairayi ko igiyar ruwa a labarinsa.

Ɗan gudun hijira daban yake. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta ba da kariya ga wanda ya tsere saboda tsoron zalunci a kan addininsa, ko ƙabilarsa, ko ra'ayinsa na siyasa, kuma ta hana a mayar da shi inda ya gudo. Yunwa da rashin aiki ba sa cikin wannan jeri. A kwale-kwale ɗaya za a tarar da ɗan Sudan da yaƙi ya koro da ɗan Gini mai neman aiki, wahalarsu ɗaya, amma matsayinsu a gaban doka ya sha bamban.

Akwai kuma bambanci tsakanin fasa-ƙwaurin mutane da fataucin mutane, wanda yarjejeniyoyin Palermo na shekarar 2000 suka fayyace. A fasa-ƙwauri, matafiyi ne ke biyan kuɗi da yardarsa a tsallakar da shi iyaka, da an isa ciniki ya ƙare. A fatauci, yaudara ko tilas ake amfani da su a kai mutum inda za a ci guminsa, a karuwanci ko a aikin bauta. A takarda iyakar a bayyane take. A kan hanyar Libiya kuwa, mutum kan tashi a matsayin fasinja ya wayi gari ya zama haja, kuma wannan sauyi na cikin abubuwan da finafinan suka fi iya nunawa.

Tafiyar ta girmi bizar

A tsakiyar shekarun 1950 Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Jaguar, wanda ya bi wasu samari uku daga Nijar zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau. Sun yi aiki a Accra da Kumasi, sun tara abin da suka tara, sun koma gida da tsaraba. Wannan ita ce tafiyar da ake ce wa ci-rani, a Nijar kuma biɗa. A fim ɗin har akwai wurin da samarin suka zagaye shingen kwastan don ba su da takarda, aka nuna shi kamar abin wasa.

Abin da ya sauya tun daga lokacin shi ne tsaurin iyakoki. A 1979 ƙungiyar ECOWAS ta ba 'yan ƙasashenta damar zirga-zirga ba biza, shi ya sa ɗan Dakar ko ɗan birnin Binin na Najeriya kan isa Agadas ba tare da ya karya wata doka ba. Amma a farkon shekarun 1990 Italiya da Sifaniya suka ƙaƙaba biza a kan maƙwabtansu na arewacin Afirka, daga nan ne ƙananan jiragen ruwa suka fara zama hanyar shiga. Libiya ta zamanin Gaddafi ta kasance wurin aiki ga dubban ɗaruruwan 'yan Afirka ta Yamma, da yawansu ba su taɓa tunanin Turai ba. Bayan faɗuwarsa a 2011 ƙasar ta rarrabu a hannun ƙungiyoyi masu makamai, aiki ya yi wuya, tsare baƙi ya zama sana'a, gaɓar teku kuma ta buɗe. A 2016 mutum kusan 181,000 suka isa Italiya ta ruwa, 'yan Najeriya ne kan gaba da sama da 37,000.

Duk da haka, har yau mafi yawan 'yan Afirka ta Yamma da suka bar ƙasashensu a cikin yankin suke zaune, a Abidjan da Accra da Legas da makamantansu. Finafinan da suka yi suna a duniya sun fi karkata ga 'yan kaɗan ɗin da suka nufi Turai.

Me ke tayar da mutum

Daraktocin Afirka sun fi daɗewa a kan wannan tambaya. A La Pirogue, fim ɗin Moussa Touré na 2012, wani masunci mai suna Baye Laye ne aka matsa wa ya ja jirgin katako da mutum kusan 30 zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya. Ba ya so. Ya san teku, ya san abin da take yi wa mutane. Amma kifi ya yi ƙaranci, unguwa ta fara zama kufai, ƙaninsa kuma ya ƙudurta tafiya ko da shi ko ba shi. Ƙarancin kifin gaskiya ne: masuntan Senegal sun daɗe suna kuka da manyan jiragen ƙasashen waje da ke kwashe kifi a ruwansu, kuma jirgin da ya kasa ciyar da gida da kamun kifi shi ne ake cikawa da fasinja. A 2006 sama da mutum 31,000 suka isa Kanari ta wannan hanya. A 2024 adadin ya haura 46,000.

Mati Diop, a Atlantique da ya ci babbar kyautar alƙalai a bikin Cannes na 2019, ta kawo wani dalili. Samarinta suna da aiki, leburori ne a ginin wani dogon bene a Dakar, amma mai ginin ya riƙe musu albashin watanni. Suka shiga teku, suka nitse. Kyamarar ba ta bi su ba, ta tsaya tare da 'yan matan da aka bari, har ruhohin mamatan suka dawo ta jikinsu suna neman haƙƙinsu daga attajirin. Abin da fim ɗin ke cewa shi ne mutum kan tafi ko yana da aiki, idan aikin ba ya biya kuma babu inda zai kai ƙara.

Eyimofe, na tagwaye Arie da Chuko Esiri, wanda ya fito a 2020, ya raba labarinsa gida biyu, ya sa wa ɗaya suna Sifaniya, ɗaya Italiya, amma babu wanda ya bar Legas a cikinsa. Mofe mai gyaran wuta ne da ya samu fasfo, sai hayaƙin janareta ya kashe 'yar'uwarsa da 'ya'yanta cikin dare, kuɗin tafiya suka ƙare a ɗakin ajiye gawa da hidimar jana'iza. Rosa mai gyaran gashi ce da ke riƙe da ƙanwarta mai ciki, har ta kai ga amincewa a ba wata mata jaririn a madadin takardun tafiya. Nan fim ɗin ya nuna abin da ke cin mutum a hankali: kowace matsala sai da kuɗi, kuma babu hukumar da ke tsaya wa talaka.

Io Capitano ya zaɓi wata hanya da ta jawo masa yabo da suka. Seydou ba ya kwana da yunwa. Yana da uwa mai ƙaunarsa, wadda ta hana shi tafiyar da kakkausar murya. Shi da ɗan'uwansa mawaƙa suke so su zama, su yi suna a Turai da suke gani a waya. Wasu sun ce wannan ya raina matsalar, ya mai da ita yarinta. Wasu kuma sun ce gaskiya ya faɗa, kuma bincike ya ba su ƙarfi. A 2019 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto bayan tattaunawa da 'yan Afirka 1,970 da suka shiga Turai ba bisa ƙa'ida ba, inda ta gano kashi 58 cikin 100 suna aiki ko suna makaranta lokacin da suka tashi. Matalaucin ƙarshe ba ya iya biyan kuɗin wannan hanya. Sai wanda ke da abin sayarwa, ko dangin da za su haɗa masa, ko ɗan'uwa a can da zai turo.

Dalili ɗaya da ba ya ɗaukuwa a kyamara shi ne rufaffiyar ƙofar ofishin jakadanci. Kuɗin neman bizar Turai ya koma Yuro 90 a 2024, ba a mayarwa idan an hana, kuma a 'yan shekarun nan fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya masu nema ana hana su. Matashi marar asusun banki mai kauri ba ya ma ɓata lokacinsa. Tikitin jirgi daga Dakar zuwa Roma bai kai abin da ake kashewa a hanyar Sahara ba, kuma da wuya fim ya tsaya ya bayyana wa mai kallo dalilin da ya sa jaruminsa bai hau jirgin ba.

Daga Agadas zuwa gidajen azaba

Wannan ne zangon da Io Capitano ya fi ƙarfi a kansa, kuma yawancin abin da ya nuna ya yi daidai da shaidar waɗanda suka dawo. Fasfon jabu, ɗan sandan iyaka da ya gane na jabu ne ya karɓi nasa ya ɗaga hannu, gidajen da ake tara matafiya a Agadas kafin tashi, 'yan kamasho masu alkawarin kai mutum har Tarabulus, motocin Hilux da ake lodawa da mutum fiye da ashirin kowa na riƙe da sandar da aka kafa tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗi. A zahiri ayarin kan tashi mako-mako, ya bi rakiyar soja zuwa Dirku, daga nan Segedin da Madama, sai iyakar Libiya, sai Sabha.

A fim ɗin, da suka shiga Libiya, 'yan bindiga sun tilasta wa matafiya shan maganin zawo don fito da kuɗin da suka ɓoye a jikinsu. Aka kai Seydou wani gida inda aka ce kowa ya ba da lambar wayar danginsa a turo kuɗin fansa, wanda ya ƙi kuma a azabtar da shi. Daga baya aka sayar da shi tare da wani dattijon magini ga wani attajiri. Babu ƙari a nan. A Nuwamban 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna bidiyon gwanjon mutane a kusa da Tarabulus, ana sayar da namiji a kan Dala 400. A Maris na 2023 kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya a kan Libiya ya ce akwai hujjar yarda cewa an aikata laifukan cin zarafin bil'adama a kan baƙi a wuraren tsarewa, har da na hukuma.

Inda fim ɗin ya gaza shi ne bayanin yadda hanyar ta kai ga wannan muni. Kafin 2015 jigilar fasinja zuwa Libiya sana'a ce a fili a Agadas. Direbobi da yawa tsofaffin masu yawo da 'yan yawon buɗe ido ne, ko tsofaffin 'yan tawaye da aka ƙarfafa musu gwiwar kama wannan aiki bayan sulhu. A watan Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da ƙwace mota. A Nuwamban shekarar aka yi taron Valletta a ƙasar Malta, inda Tarayyar Turai ta buɗe asusu na musamman don rage kwararar baƙi, Nijar kuma ta zama cikin manyan masu cin gajiyarsa. Da aka fara aiwatar da dokar a 2016, adadin da hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ke ƙirgawa a kan hanyar arewa ya faɗo daga sama da 300,000 zuwa ƙasa da 100,000 a shekara mai zuwa.

Masu goyon bayan dokar suna kafa hujja da wannan raguwa: mutum kaɗan a hanya, mutum kaɗan a hannun 'yan bindigar Libiya da cikin teku. Masu adawa da ita, ciki har da shugabannin yankin Agadas da ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙi, suna cewa ƙirgar ce ta ragu fiye da tafiyar. Direbobi sun bar babbar hanya mai rijiyoyi da sojoji, sun koma hanyoyin da ba kowa, kuɗin mota ya ninka, kuma direban da ya hango sintiri kan sauke fasinja ya tsere don kada a kama shi da su. Bisa wannan fahimta, direban da ya ƙi tsayawa a fim ɗin yana da mugunta tasa, amma akwai kuma dokar da ta sa tsayawa ta zama hatsari gare shi. Wani rahoton haɗin gwiwa na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2024 ya yi ƙiyasin cewa masu mutuwa a Sahara sun ninka masu mutuwa a teku.

Wanda ya riƙe sitiyari

A ƙarshen Io Capitano, mai jirgin ya ce wa Seydou, ɗan shekara 16 da bai iya ko iyo ba, zai kai shi da ɗan'uwansa mai rauni idan ya yarda ya tuƙa. Ya tuƙa, ya kai mutane gaɓar Sisili ba wanda ya mutu, jirgi mai saukar ungulu na shawagi a kansa yana ta kirarin shi ne kyaftin. Nan fim ya ƙare.

Labarin gaskiya da aka ɗauko wannan ɓangare daga gare shi bai ƙare a nan ba. Fofana Amara, ɗan Gini da ya tuƙa irin wannan jirgi yana ɗan shekara 15, gidan yari aka kai shi da ya sauka. Dokar Italiya tana ɗaukar wanda aka samu riƙe da sitiyari a matsayin mai fasa-ƙwauri, alhali manyan masu harkar ba sa shiga jirgin, suna can Libiya. Bayan hatsarin jirgin baƙi a Cutro, kudancin Italiya, a Fabrairun 2023, inda mutum 94 suka mutu, gwamnatin Giorgia Meloni ta ƙara tsananta hukuncin har zuwa shekara 30 idan an rasa rai. Gwamnatin na cewa ta haka ne za a karya kasuwar. Lauyoyi da ƙungiyoyin agaji na cewa fasinjojin da ba su da kuɗin biya ne ke cika gidajen yarin. Masu sukar fim ɗin a Italiya sun ce tsayawa a gaɓar teku ya sa duk azzaluman labarin suka zama 'yan Afirka da Larabawa, Turai kuma ta fito a matsayin mai ceto, ba a ambaci yarjejeniyar Fabrairun 2017 da Italiya ta ƙulla ta horar da masu gadin tekun Libiya da ba su jirage ba, waɗanda ke kamo mutane su mayar da su wuraren tsarewar da fim ɗin ya nuna. Masu kare shi kuma suna cewa labarin an ba da shi ne ta idon yaro, yaron kuma bai san da wata yarjejeniya ba.

IOM ta ƙirga sama da mutum 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum tun daga 2014.

Mata da bashin da ba ya ƙarewa

A 2016 matan Najeriya kusan 11,000 suka sauka a Italiya, IOM ta yi ƙiyasin kashi 80 cikin 100 na iya kasancewa a hannun masu fatauci. Joy, fim ɗin Sudabeh Mortezai na 2018, ya buɗe da rantsuwar tsafi a gaban boka, sannan ya koma Vienna, inda jarumar ke biyan uwar ɗakinta bashin tafiya da jikinta. Irin wannan bashi yakan kai Yuro 30,000 ko fiye. Abin da ya bambanta fim ɗin shi ne ya nuna yadda wadda aka zalunta ke zama mai tsaron sabuwar yarinya, da yadda waya daga gida ba ta daina ƙara ana neman kuɗin asibiti da na gini, ba mai tambayar daga ina suke fitowa. Òlòtūré na Kenneth Gyang ya bi sarƙar daga ɗaya bakin, daga Legas, ta hanyar 'yar jarida da ta yi shigar burtu.

A Maris na 2018 Oba na Binin, Ewuare na Biyu, ya tara bokaye ya warware duk rantsuwar da aka ɗora wa 'yan mata, ya kuma la'anci masu ci gaba da harkar. Matakin ya rage ƙarfin tsafin, amma bashin da barazana ga iyaye a gida ba su tafi tare da shi ba.

Bayan an isa

Finafinai kaɗan ne suka bi mutum bayan ya taka ƙasar Turai. Mediterranea na Jonas Carpignano ya kai wani ɗan Burkina Faso gonakin lemu na Rosarno a kudancin Italiya, garin da leburori 'yan Afirka suka yi bore a Janairun 2010 bayan an harbi wasunsu. L'Histoire de Souleymane na Boris Lojkine, a 2024, ya bi wani ɗan Gini mai kai abinci a keke a Paris, yana aiki da rajistar wani da yake haya, yana haddace labarin siyasa na ƙarya da ya saya don ganawarsa da ofishin ba da mafaka. Labarinsa na gaskiya, ciwon mahaifiyarsa da neman kuɗin kula da ita, ba ya cikin jerin dalilan da yarjejeniyar 1951 ta amince da su. Abou Sangaré da ya fito a matsayin jarumin shi kansa ba shi da takardar zama lokacin da ya karɓi kyauta a Cannes, sai a farkon 2025 ya samu.

Shin fim na hana tafiya

Gwamnatocin Turai sun zuba kuɗi a kan fatan yana hanawa. Suwizalan ta ɗauki nauyin wani shiri mai dogon zango na Nollywood mai suna Missing Steps, Italiya da IOM kuma sun yi ta yawo da majigi ƙauye-ƙauye a Afirka ta Yamma. Hujjarsu ita ce 'yan kamasho na sayar da ƙarya, waɗanda suka isa kuma suna turo hotunan jin daɗi suna ɓoye wahala, don haka nuna gaskiya ceton rai ne.

Masu shakka suna nuni da rahoton 2019 da aka ambata a sama. Kashi 93 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun ce sun gamu da hatsari a hanya, amma kashi 2 kacal suka ce da sun san girman hatsarin da sun zauna a gida. Dole a lura cewa waɗanda suka isa ne aka tambaya, ba waɗanda suka mutu ko suka fasa ba. Duk da haka adadin ya yi daidai da abin da masu tafiyar ke faɗa da bakinsu, cewa abin da ya kori ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Matashin da ya ga maƙwabcinsa ya gina gida da kuɗin Turai ya riga ya ga wani fim ɗin da idonsa. Kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke turowa gida sun kai wajen Dala biliyan 20 a shekara, ko da yake mafi yawansu daga masu takarda suke fitowa.

Akwai amfanin da ɓangarorin biyu ba su cika musu a kansa ba. Wanda ya dawo hannu wofi, bayan an sayar da gona ko shanu don tafiyarsa, yakan dawo da kunya mai nauyi, wani ma ya ƙi shiga garinsu. Idan dangi suka ga abin da ake yi wa mutum a Sabha, kallon da suke masa kan sauya.

Labarin ƙasar Hausa da bai shiga majigi ba

A finafinan nan Agadas zango ce kawai, mutanenta kuma 'yan kamasho da direbobi. Masu ɗinka rigar jarka, masu sayar da rawani da tabarau da garin kwaki, masu gidajen haya da 'yan canji, waɗanda kasuwarsu ta mutu bayan 2016, ba sa fitowa. Tallafin da aka yi wa tsofaffin direbobi alkawari don su sauya sana'a, kaɗan ne cikin dubban da suka yi rajista suka gan shi.

Haka nan tafiyar da ta fi shafar Hausawa kai tsaye ba Turai ta nufa ba. A Oktoban 2013, watan da jirgi ya nitse da sama da mutum 360 a kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya, an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace. Yara 52 ne da mata 33 da maza 7, yawancinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram, suna hanyar Aljeriya inda mata ke bara da aikatau. Lampedusa ta samu fim, Fuocoammare na Gianfranco Rosi, wanda ya ci babbar kyautar bikin Berlin a 2016. Matan Kance ba su samu makamancinsa ba. Aljeriya kuma na ci gaba da kwaso baƙi tana zubarwa a kan iyaka, su taka kimanin kilomita 15 a rairayi zuwa garin Asamaka na Nijar. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro haka a 2024. Ga kuma hanyar gabas, ta masu zuwa Umara su maƙale da 'yan aikatau a gidajen Saudiyya, waɗanda ake kira takari, ana kamawa ana dawo da su Kano. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, na 2021, ya matso kusa da tushen, da yake ya zauna da matasan unguwar Kara-Kara marasa aiki, amma labarin waɗanda suka zauna ne. Kannywood, da ke da harshen da kuma masu kallon, ba kasafai take taɓa wannan fage ba.

Abin da sabon yanayi ke nufi ga talaka

Soke dokar ya dawo da ayarin motocin fili, direbobi na lodi a tasha ba ɓoye-ɓoye, kasuwar Agadas ta ɗan farfaɗo. Ga fasinja, tafiya a babbar hanya tare da rakiya ta fi bin ɓarauniya aminci. Amma ikon Nijar a iyakarta ya tsaya. Daga Tummo, mashigar Libiya, zuwa arewa babu abin da ya sauya, kuma wanda ya tsallaka ba biza baƙon haure ne a dokar Libiya, ana iya tsare shi ba wa'adi.

Ta kudu kuma ƙofar da ke buɗe tun 1979 ta fara ƙunci. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, Nijar ta kuma tsaurara sharuɗɗan shiga da zaman baƙi. Wannan ya shafi ɗan kasuwar Katsina mai zuwa Maraɗi da ɗan ci-ranin Tawa mai zuwa Sakkwato, waɗanda ba su da wata alaƙa da Turai. Tarayyar Turai, da ta rasa abokiyar aiki a Yamai, ta mayar da kuɗinta gaba: yarjejeniya da Tunisiya a Yulin 2023, da Muritaniya a Maris na 2024 kan Yuro miliyan 210. Sabon kundin dokokinta na ƙaura da mafaka, wanda aka amince da shi a 2024, ya tanadi tantance mutane a bakin iyaka cikin gaggawa, musamman 'yan ƙasashen da ba a cika ba su mafaka ba, da hanzarta mayar da waɗanda aka ƙi. Ga iyalin da ke shirin sayar da fili don tura ɗa, hakan na nufin ko yaron ya tsira daga Sahara da Sabha da teku, yiwuwar a tsare shi a bakin iyaka a dawo da shi ta ƙaru, bashin tafiyar kuma yana nan a kansu.